Waya ko Na'urar GPS? Yadda Direba Zai Zaɓi Abin da Zai Nuna Masa Hanya

Duk wanda ya taɓa sayen mota 'yar Kwatano mai allo a gaba ya san wannan abin dariyar. Ka tayar da mota a Kano, allon ya haska, sai ga taswirar wani gari a Jamus ko Beljiyam, ko kuma 'yar kibiya tana yawo a fili fetal, babu titi babu suna. Lafiyar na'urar ƙalau, ta ma san inda take a doron ƙasa. Taswirar wurin ce ba a zuba mata ba. Daga nan ya kamata a ɗauko maganar zaɓi tsakanin manhajar waya da na'urar GPS ta musamman irin su Garmin da TomTom. Kafin ka tambayi wane ƙarfe ya fi, fara tambayar wanne ne ya san hanyar da kake bi.

Mataki na 1: Raba abubuwa ukun da ake haɗawa wuri ɗaya

Idan mutum ya ce "GPS ɗina ba ya aiki", abu uku yake iya nufi, kuma kowanne da maganinsa.

Na farko siginar tauraron ɗan'adam. GPS tsari ne na gwamnatin Amurka, taurarinsa suna kewaya duniya a nisan kilomita kusan 20,200, kuma na'ura tana buƙatar jin aƙalla huɗu daga cikinsu kafin ta lissafa inda kake. Wannan sigina kyauta ce, ba ta cin data, ba ruwanta da layin MTN ko Airtel. Wayarka saurare kawai take yi. Yawancin wayoyin yanzu ma ba GPS kaɗai suke ji ba, har da GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin, abin da ya sa wata waya mai arha kan riga tsohuwar na'urar mota gano wuri.

Na biyu taswira, wato zanen tituna da sunayensu. Ita ce ke buƙatar ko dai intanet ko kuma a ajiye ta cikin na'ura tun kafin tafiya.

Na uku labarin abin da ke faruwa a kan titi yanzu-yanzu: cunkoso, hatsari, rufe hanya. A yankinmu wannan sai da data, babu wata dabara. Google Maps yana gane goslo ne daga yadda wayoyin mutanen da ke kan titin suke tafiya a hankali. Shi ya sa jan layin da kake gani a hanyar Nyanya zuwa Mararraba da yamma yakan zama gaskiya, amma a hanyar ƙauye ba za ka ga komai ba.

Na'ura ta musamman tana zuwa da na farko da na biyu a cikinta, muddin taswirar ta yankinka ce. Waya tana iya ba ka duka ukun, amma na biyun sai ka shirya shi da hannunka.

Mataki na 2: Faɗa wa kanka gaskiyar irin tafiyar da kake yi

Ba tafiyar da kake mafarkin yi ba, wadda ka yi cikin watanni shida da suka wuce. Idan zirga-zirgarka cikin gari ce, Kano, Kaduna, Abuja, Yamai, ko kana aikin kai saƙo a babur, ko kana ɗaukar fasinja ta manhaja, magana ta ƙare: waya. A birni abin da ya fi damunka shi ne ina ne shagon, ina ne asibitin, wace hanya ce ta cushe. Google Maps ya yi wa kowace na'urar mota fintinkau a nan, domin masu shaguna da kansu suke saka wurarensu. Tun 2019 ma akwai zaɓin babur a Najeriya, wanda ke bi da kai ta lungunan da mota ba ta shiga.

Idan doguwar tafiya kake yi a manyan hanyoyi, Kano zuwa Abuja ta Zariya da Kaduna, ko Kano zuwa Maiduguri ta Potiskum da Damaturu, har yanzu waya ce, amma wadda aka shirya kamar yadda zan bayyana a ƙasa.

Inda na'ura ta musamman ta fara samun bakin magana shi ne wurin da kwalta ta ƙare kuma sabis ya ɗauke na kwanaki: mai bin sahara daga Agadas zuwa Dirku da Bilma, ma'aikacin da ke yawon rugage da ƙauyukan da ba su kan taswira, mai auna gonaki. Su ma ba na'urar da ake mannawa a gilashin mota suke buƙata ba, ta hannu ce, irin Garmin eTrex, mai aiki da batir biyu irin na tocila, wadda ke jure ƙura da ruwa da faɗuwa, kuma takan yi yini da kwana ba a canja mata batir ba.

Direbobin tirela da tanka su lura da wani tarko. Akwai na'urorin da aka ƙera don manyan motoci, kamar Garmin dēzl, waɗanda ake shigar musu tsayin mota da nauyinta don su kauce wa gajeriyar gada. Wannan yana aiki ne kawai idan an rubuta tsayin gadojin a cikin taswirar. A Turai da Amurka an rubuta. Idan taswirar hanyarka ba ta ɗauke da wannan bayani, ka biya kuɗin abin da ba zai yi maka aiki ba.

Mataki na 3: Jarraba taswirar da wuraren da ka riga ka sani

Wannan matakin bai ɗaukar minti ashirin, kuma shi ne mutane suka fi tsallakewa. Zaɓi wurare biyar da ka sani kamar tafin hannunka: unguwarku, garinku na asali, wata kasuwar ƙauye, wata sabuwar gadar sama ko hanyar kewaye da aka buɗe kwanan nan, da wata hanyar burji da kake bi. Nemo kowanne a Google Maps. Sannan ka sauke Organic Maps ko OsmAnd, waɗanda ke amfani da taswirar OpenStreetMap da 'yan sa-kai suke zanawa, ka sake nemo su. Za ka yi mamaki: wani lokaci ƙauyen da Google ya bari fari fat, a can an zana shi har da hanyar rijiya. Wani wurin kuma akasin haka.

Idan na'ura ce kake shirin saye, wannan jarrabawar ita ce alƙali. Ka sa mai shago ya kunna ta a waje, ƙarƙashin sarari, ka rubuta sunayen nan biyar da hannunka. Wadda ta kasa gano uku daga ciki, mayar masa da abarsa.

Wajen rubuta suna, cire ƙugiya. Taswira ba ta cika gane ƙ da ɗ da ɓ ba, kuma gari ɗaya yakan zo da rubutu biyu, kamar Dambatta da Danbatta. Sannan a kula da sunayen da suka yi yawa. Tudun Wada akwai a Kano, akwai a Zariya, Kaduna, Jos da Gusau. Sabon Gari kuwa ba a magana. Dutse ta Jigawa daban, Dutse ta Abuja daban. Kafin ka danna fara tafiya, dubi adadin kilomita da aka nuna maka. Idan wurin da ka san tafiyar minti arba'in ne ya nuna awa biyar, wata Tudun Wadar ce.

Mataki na 4: Shirya wayar kamar za a ɗauke sabis gobe

Ba zancen kirdado ba ne. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya abin ya shafi wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Ko ba a rufe ba, duk mai bin hanya ya san wuraren da sandunan sabis ke ɓacewa ɗaya bayan ɗaya. Taurari suna nan suna aiki a irin wannan lokaci, don haka wanda ya ajiye taswira a wayarsa bai rasa komai ba sai labarin cunkoso.

A Google Maps, taɓa hotonka da ke saman allo ta dama, ka shiga inda aka rubuta "Offline maps", ka zaɓi "Select your own map". Wani akwati zai fito. Ja taswirar har yankin da kake so ya shiga cikinsa, sannan ka sauke. Akwati ɗaya yana da iyakar faɗi, saboda haka doguwar tafiya tana iya buƙatar biyu ko uku. Ka sa su hau kan juna kaɗan don kada a bar giɓi a tsakiya, domin idan wani yanki na hanyar bai shiga ba, manhajar za ta ƙi lissafa tafiyar gaba ɗaya. Yi wannan a inda akwai wayfai ko da datar dare. Ka sani kuma taswirar da aka sauke tana da wa'adi, sai ana sabunta ta, kuma jagorar tuƙin mota kawai take bayarwa idan babu intanet, ban da ta ƙafa.

Kada ka tsaya a manhaja ɗaya. Sauke Organic Maps a matsayin ta biyu, kyauta ce, kuma tana ba ka damar ajiye taswirar yanki sukutum, ta tuƙi da ta ƙafa. OsmAnd ta fi ta kayan aiki, tana iya zana sawun duk inda ka bi don ka dawo ta kansa, sai dai tana da wuyar sabo kuma ta kyautar tana da iyakar adadin taswirar da za ka sauke. Waze, wadda Google ya saya a 2013, tana da daɗi inda masu amfani da ita suke da yawa, amma ba a yi ta don wurin da babu data ba. Kada ka dogara da ita a dogon zango.

Mai tsallaka iyaka ya ƙara kula. Da ka wuce Jibiya za ka nufi Maraɗi, ko Illela zuwa Birnin Ƙonni, ko Kongolam zuwa Damagaram, datar layinka na gida ko dai ta tsaya ko ta koma cin kuɗi kamar wuta. Sauke taswirar ɗaya ɓangaren tun kana gida.

Daga nan sai gwaji. Kashe data da wayfai, ka fita waje, ka nemi hanyar zuwa wani wuri a cikin yankin da ka sauke. Idan murya ta fara ba ka umarni, ka gama. Idan shuɗin ɗigon da ke nuna inda kake ya yi jinkirin fitowa, ba shi 'yan mintuna a fili. Da data waya takan karɓi bayanin matsayin taurari ta intanet cikin daƙiƙu, babu data kuwa sai ta saurare shi daga taurarin kai tsaye, kuma wannan yana ɗaukar lokaci.

Mataki na 5: Zafi da caji

Nan ne waya ke da rauni na gaske, kuma nan ne masu son na'ura ta musamman suke da gaskiya. Kamfanin Apple da kansa ya ce an yi iPhone don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Salshiyas, sauran wayoyi ma ba su yi nisa da haka ba. To ina ga watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, inda inuwa ma take haura 40? Ɗora waya a bayan gilashin gaba, rana na dukanta, allo a kunne, GPS na aiki, ga caji a jone. Ba a jima za ta rage haske, ta daina karɓar caji, wani lokaci ta kashe kanta, kuma takan yi haka ne daidai lokacin da kake tunkarar shataletale mai baki biyar. Na'urorin mota na Garmin an ƙera su su yi aiki har sama da digiri 50, kuma allonsu ya fi ganuwa a rana.

Ana iya rage wannan matsalar sosai. Sayi mariƙin waya da ake maƙalawa a bakin iskar esi maimakon na gilashi. Idan motar ba ta da esi, nemi wuri ƙasa da dashbod inda rana ba ta sauka kai tsaye, amma idonka zai iya kaiwa ba tare da ka sunkuya ba. Cire rigar wayar, musamman baƙar roba mai kauri. A miƙaƙƙiyar hanya inda kwana na gaba sai bayan kilomita tamanin, kashe allon, muryar za ta ci gaba da magana. Kada ka kunna hoton tauraron ɗan'adam kana tuƙi, yana cin data yana kuma ƙara zafi.

Cajar laita mai arhar nan da ake sayarwa a goslo ba ta iya ciyar da wayar da ke nuna hanya. Za ka ga alamar caji amma batir na raguwa. Nemi caja mai ƙarfi da igiya mai kyau, gajera. Kuma kada ka ɗauka na'urar mota ta tsira daga wannan: batir ɗin cikinta ba ya daɗewa, rayuwarta duk a jikin laita take.

Mariƙin nan ba ado ba ne. Riƙe waya a hannu ana tuƙi laifi ne da jami'an hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ke kamawa a kai, kuma ko ba su gan ka ba, ramin da ke gabanka ya gan ka. Saita inda za ka tun mota na tsaye. Idan akwai wanda ke gefenka, ba shi aikin.

Mataki na 6: Kafin ka sayi na'ura, duba cikin durowa

Ga shawarar da nake ba kusan duk wanda ya tambaye ni. Babbar fa'idar na'ura ta musamman ita ce aiki ɗaya take yi: kira ba ya katse ta, saƙon WhatsApp ba ya rufe mata allo, kuma batir ɗin wayarka yana nan don lokacin buƙata. To tsohuwar wayar Android da ka ajiye za ta iya yin wannan. Goge komai a cikinta, ka saka manhajojin taswira biyu, ka sauke yankunanka, ka bar ta a matsayin ta mota. Ba ta buƙatar layi. Ranar da kake son labarin cunkoso sai ka ba ta intanet daga babbar wayarka. Sharaɗi ɗaya: duba batir ɗinta. Idan bayanta ya fara kumbura, kada ta kusanci mota mai zafi. Ko lafiyayya ce ma, kada a bar ta kan dashbod mota na ajiye a rana, don zafi da kuma masu fasa gilashi.

Idan motarka tana da Android Auto ko Apple CarPlay, ka ma huta: taswirar wayarka za ta fito a babban allon motar, wayar kuma tana kwance a inuwa. Allunan Android da masu wayarin suke sakawa a madadin rediyon mota su ma suna yi, amma ka tabbata an fito da eriyar GPS ɗin wurin da take ganin sama, ba a cusa ta ƙarƙashin ƙarfe ba.

Mataki na 7: Idan dai na'urar za ka saya

Wani ɗan'uwana ya taɓa dawowa daga tafiya da sabuwar na'ura a kwalinta, mai shagon ya rantse masa cewa taswirarta ta har abada ce, sabuntawa kyauta. Bai yi ƙarya ba. Sai dai taswirar Amurka da Kanada ce ake sabunta masa har abada. Haruffan LM ko LMT da ke ƙarshen sunan wasu na'urorin Garmin alkawarin sabuntawa ne na yankin da na'urar ta zo da shi kawai. Labarin cunkoson da take alfahari da shi ma kada ka sa rai da shi a nan.

Saboda haka shiga saitin na'urar ka karanta sunan taswirar da ke ciki da shekararta. Tabbatar tana da gurbin memori. Wannan gurbin ne ke ceton na'urorin Garmin da yawa, domin ana iya samun taswirar OpenStreetMap da aka juya zuwa tsarinsu, a saka fayil ɗin cikin jakar da aka sa wa suna Garmin a kan memorin, sannan a zaɓe ta a saiti. Aiki ne da ke buƙatar kwamfuta da ɗan haƙuri, kuma duk bayan wasu watanni sai an maimaita idan ana son sababbin tituna. Wanda ya san ba zai yi ba, ya haƙura da sayen. Idan wadda aka riga aka yi amfani da ita ce, duba ko igiyar cajinta ta asali tana nan, ko allon yana jin taɓi a kowace kusurwa, kuma ka tsaya har sai ta kama taurari a gabanka.

Mai sayen ta hannu don auna gona ya sani cewa kuskurenta yakan kai mita uku zuwa biyar. Ta isa a ƙiyasta faɗin gona don lissafin taki da iri. Ba ta isa a raba gardamar iyaka da maƙwabci ba, wannan aikin safiyo ne. Masu shiga sahara kuma sukan haɗa ta da wayar tauraron ɗan'adam, to a binciki doka tukuna, domin a 2013 sojoji sun hana amfani da wayar Thuraya a Borno, kuma irin wannan kaya yana jawo tambayoyi a shingen bincike.

Mataki na 8: Koyi aika wuri da lamba

Yawancin gidajenmu ba a samunsu da lambar titi. Kwatance muke yi: bayan masallacin Juma'a, layi na uku, gida mai jan ƙyaure. Dukan kayan biyu, waya da na'ura, suna gane lambobin wuri. Danna yatsa ka riƙe a kan taswira, lambobi biyu za su fito. Na farko nisa daga tsakiyar duniya zuwa arewa, na biyu zuwa gabas. Tsakiyar Kano tana wajen 12.00 da 8.52. Kada ka juya su. Idan ka rubuta 8.52 da 12.00, za a kai ka wajen Ganye a kudancin Adamawa, kuma na'urar ba za ta yi maka gardama ba. Lambobin suna tafiya a saƙon tes na yau da kullum, ko babu data, kuma ana iya karanta su ta baki a kira.

Mataki na 9: Tambayi tasha

Manhaja da na'ura duk lissafin kilomita da mintuna suke yi. Ba su san wace hanya ce ba a bi bayan la'asar ba, ba su san gadar da ruwa ya cinye a watan Agusta ba, ba su san ranar kasuwar da ke toshe titi ba. Taswira tana iya ce maka hanyar Birnin Gwari ko wani yanke ta cikin daji ya fi sauri da minti talatin, kuma a lissafinta ba ta yi kuskure ba. Matambayi ba ya ɓata: kafin ka kama hanyar da ba ka saba ba, biya tasha ka tambayi direbobin da suka shigo yau, ba wanda ya bi ta bara ba. Tambaye su ta ina suke bi, ƙarfe nawa suke tashi, ina suke shan mai.

Sannan ka tilasta wa taswirar bin abin da suka faɗa. A Google Maps akwai zaɓin ƙara zango a tsakiyar tafiya. Saka garuruwan da suka lissafa maka ɗaya bayan ɗaya, ta yadda ko manhajar ta hango yanke ba za ta karkatar da kai ba. Idan kana cikin tafiya ta ce ta samo hanya mafi sauri, kada ka amsa sai ka tsaya ka ga ta ina za ta bi da kai. Rubuta jerin garuruwan nan a takarda ma, ka soke ta a bayan abin tare rana na gaban direba.